Karayar Kan Ƙwauri a Gindin Gwiwa: Lacca ga Hakimai da Malamansu

Wannan magana ta shafi ƙasar Babura, wadda ke cikin masarautar Ringim, da Kazaure da Roni da Gwiwa na masarautar Kazaure. Magana ce a kan karaya iri guda, watau karayar kan ƙashin ƙwauri daidai inda ya haɗu da gwiwa, da hanyoyin da likitoci ke bi su gyara ta.

Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya haɗa Hakimi da aikin likita? Dalilin a fili ya ke. In haɗari ya auku a ƙauye, kafin likita ya sami labari mai unguwa ya ji, dagaci ya ji, sau da yawa ma magana ta kai zauren Hakimi. A nan ne dangi kan yanke shawara, ko a tafi asibiti ko a kira mai ɗori. Shawarar wannan yini ita ce za ta nuna ko magidanci zai koma gonarsa da ƙafafunsa biyu, ko kuwa zai ƙare kwanakinsa yana dogara sanda. Saboda haka ya kamata wanda jama'a ke jin maganarsa ya san yadda al'amarin ya ke.

YADDA GWIWA TA KE

Ƙashin cinya ya sauko daga sama, ƙarshensa yana da ƙulu biyu masu santsi. Ƙashin ƙwauri ya taso daga ƙasa, kansa ya buɗe ya yi faɗi kamar daɓe, mai gurbi biyu, ɗaya wajen ciki ɗaya wajen waje. A kan wannan daɓe ne ƙashin cinya ke zaune, nauyin mutum duka yana bisansa ko wane taki. An lulluɓe daɓen da guringuntsi mai sulɓi, kuma tsakanin ƙasusuwan biyu akwai waɗansu guringuntsi guda biyu masu kama da gammo, suna rage wa gaɓar nauyin kaya. Jijiyoyi masu ƙarfi sun ɗaure gaɓar ta gefe da gefe da kuma ta tsakiya.

Abin lura shi ne, tsakiyar ƙwauri ƙashi ne mai tauri ƙwarai, amma kansa ba haka ya ke ba. Ɓawonsa siriri ne, cikinsa kuwa sako-sako kamar soso. In ƙashin cinya ya doke shi da ƙarfi, sai ya zama kamar taɓarya ta faɗa wa tsohon turmi: ko ya tsage, ko ya lotsa ciki, ko ya yi duka biyu. Gurbin waje ya fi saurin karyewa, gama na ciki ya fi shi ƙwari.

YADDA KARAYAR KE AUKUWA

Likitoci sun ƙiyasta wajen ɗaya ce cikin ko wace karaya ɗari. Tun cikin 1929 waɗansu likitocin Amurka suka laƙaba mata suna karayar gaban mota, don sun ga yawanci mota ce ke bugun mai tafiya ƙasa daidai gwiwa. A wannan ƙasa babur ya shiga sahun mota, balle ran kasuwa, sa'ad da a kan yi goyon mutum biyu ko uku har da kaya a kan hanyar Kunya zuwa Kanya da Babura, ko a kan babban titin Kano zuwa Kazaure da Daura. Ban da wannan akwai faɗowa daga bisa: makiyayi ya hau gawo zai sasso wa dabbobi ganye da rani, ko magini yana yaɓen soro gabannin damina, ko wanda amalanken shanu ya kife da shi. Tsofaffi kuwa, musamman mata, ƙashinsu ya riga ya yi rauni, ɗan tuntuɓe a bakin ƙofa ya isa ya lotsa musu shi.

Alamarta ita ce gwiwa ta kumbura nan da nan domin jini ya taru cikin gaɓar, mutum ya kasa taka ƙafar, wani lokaci kuma a ga ƙafar ta karkace. Amma ba kullum ta kan karkace ba. Abin da ya sa ke nan a kan ɗauke ta targaɗe, a yi ta gasawa da ruwan zafi har kwanaki su wuce.

INDA ƊORI YA TSAYA

Ba wanda zai raina masu ɗori. Sana'a ce ta gado, kuma akwai karayar da in an miƙe gaɓa an ɗaure ta yadda ya kamata ta kan haɗe da ikon Allah. Amma wannan dabam ce, domin ta shiga cikin gaɓa. Mai ɗori daga waje ya ke aiki, da hannu da kara da tsumma. Daɓen da ya burma kuwa yana can ciki ƙarƙashin ƙashin cinya, ba hannun da zai kai gare shi ya ɗago shi. Ƙashin zai haɗe, amma a lotse. Daga nan ƙashin cinya zai riƙa gurzar wuri mai tudu da kwari, guringuntsi ya cinye, shi kuwa guringuntsi in ya tafi ba ya komowa kamar da. Ƙarshen abin sai ciwon gwiwa na kullum, da gwame ko ƙafar baka, da gaɓa mai ƙin lanƙwasuwa.

Wannan hasara ta fi tsanani ga mutumin ƙasar nan. Wanda zamansa duka a kan kujera ne, in gwiwarsa ta lanƙwasu rabi ya wadatu. Amma talakan Hakimi a tabarma ya ke zama, yana durƙusawa gaisuwa, yana tsugunawa, yana sujada da zaman tahiya sau biyar a yini, yana sunkuyo da hauya. Gwiwar da ta sandare ta raba shi da waɗannan duka.

HAƊARI UKU NA SA'O'IN FARKO

Tun ba a kai ga maganar gyaran ƙashi ba, akwai abu uku da ke iya cin ƙafar ɗungum.

Na fari, babbar jijiyar jini ta bi ta bayan gwiwa daf da ƙashin. In tsinin ƙashi ya yanke ta ko ya matse ta, sai tafin ƙafa ya yi sanyi ya koɗe. In jini ya yanke wa nama fiye da kamar sa'a 6, naman ya fara mutuwa.

Na biyu, naman sha-raɓa yana cikin wata jaka mai tauri wadda ba ta buɗawa. In jini da kumburi suka cika ta, sai su shaƙe naman. Alamar haka ita ce azaba mai ƙaruwa wadda magani ba ya kwantar da ita, sha-raɓa ta yi tauri kamar fatar ganga, in an taɓa yatsun ƙafa an lanƙwasa mutum ya yi ƙara, daga baya ƙafar ta dena ji. Maganinsa guda ne, likita ya tsaga jakar nan da nan ta sami sarari. Ɗauri mai tsanani yana jawo wannan masifa ko ya ƙara ta. Da yawa daga ƙafafun da a kan ce asibiti ya yanke, sun riga sun ruɓe ne tun a gida ƙarƙashin ɗauri, aka kai su bayan aikin gama ya gama.

Na uku, in fata ta fashe har ƙashi ya sha iska. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ƙwayoyin cuta ke samun hanya zuwa ɓargo. Irin wannan yana bukatar allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rigakafin sarƙewar haƙora da gaggawa, kana a wanke raunin sarai a ɗakin tiyata.

HOTO KAFIN WUƘA

Likita ba ya taɓa wannan karaya sai ya ga cikinta. Hoton ƙashi, wanda wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano cikin 1895, shi ne na farko, a kan ɗauka ta gaba da ta gefe. Akwai kuma hoton Si-Ti, wanda aka soma aiki da shi a Ingila cikin 1971. Shi yana nuna ƙashi yanka-yanka, har a auna zurfin lotsawar. Cikin 1979 wani likitan ƙashi na Toronto ta ƙasar Kanada, Joseph Schatzker, ya kasa wannan karaya kashi shida, kuma har yanzu da lissafinsa a ke aiki. Uku na farko a gurbin waje su ke: tsagewa kaɗai, tsagewa da lotsawa, lotsawa kaɗai. Na huɗu gurbin ciki ne. Na biyar gurbi biyun duka. Na shida shi ne wanda kan ƙashin ya rabu da sandarsa gaba ɗaya. Uku na ƙarshe su ne aikin haɗari mai ƙarfi, su ne kuma suka fi zuwa da ɓarnar jijiya da nama.

HANYOYIN GYARA

Ba ko wace ce a ke yi wa tiyata ba. In ƙashin ya tsage amma bai goce ba, gaɓar kuma ba ta girgiɗi, sai a sa ɗaurin filasta mai sandarewa ko wani takalmin gwiwa mai lanƙwasuwa, a hana mutum takawa, a riƙa sake hoto don a tabbata ba abin da ya motsa. Amma in lotsawar ta wuce kamar milimita 3 zuwa 5, watau misalin ƙwayar dawa, ko kan ƙashin ya buɗe, ko gaɓar tana kaɗawa, ko ƙafar ta karkace, to, sai aiki. Tushen aikin zamani ya fito daga wata ƙungiyar likitoci da aka kafa a Suwizalan cikin 1958, mai suna AO. Koyarwarsu ita ce a mai da ko wane guntu mazauninsa, a kafe shi da ƙarfe, a kiyaye hanyar jininsa, kana a soma motsa gaɓar da wuri. Ga hanyoyin da a ke zaɓa daga ciki.

1. Sukuru kaɗai. In gefen ƙashin ya tsage sak, kamar yadda gatari ke fasa icce, kuma ƙashin mai ƙwari ne irin na saurayi, sai likita ya matse tsagin ya zura sukuru biyu ko uku ta 'yan ƙananan huda, yana duban hoto sa'ad da ya ke aikin. Wannan ita ce mafi sauƙi, raunin kaɗan ne.

2. Ɗago daɓe da cike rami. In wurin ya lotsa, sai a huda ƙashin ta ƙasa, a sa wani ƙarfe a tura guntun sama a hankali har ya yi daidai da sauran. Da ya ɗagu sai a tarar da rami ƙarƙashinsa, gama soson ƙashin ya riga ya murƙushe. A kan cike ramin da ɗan ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun mutumin kansa, ko da wani haɗi na asibiti mai daskarewa. Sa'an nan a jera sukurori ƙarƙashin daɓen kamar yadda magini ke jera azara. A asibitin da ke da kayan aikin, a kan zura madubi siriri cikin gaɓar a duba ko daɓen ya daidaita, a ɗinke gammon guringuntsi in ya yage.

3. Ƙarfen tokari. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi. A kan tsaga fata, a gyara ƙashin ido na gani, kana a kwantar da wani ƙarfe mai faɗi mai huji-huji a jikinsa a ɗaure da sukurori. Aikinsa aikin tokari ne ga bangon da ke shirin faɗuwa. Akwai irin da kan sukurun ke kullewa cikin ƙarfen, shi ya fi riƙe ƙashin tsofaffi. In gurbi biyun ne suka karye, a kan sa ƙarfe biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, ko wanne da tsaginsa.

4. Ƙarfen waje na wucin gadi. In haɗarin ya yi tsanani, ƙafa ta kumbura har ta yi bororo, tsaga irin wannan fata ganganci ne, domin ɗinkin zai buɗe ya yi mugunya. Sai a kafa ƙusoshi a cinya da ƙwauri, a haɗa su da sandunan ƙarfe ta waje, ƙafar ta miƙe ta huta. A jira mako ɗaya zuwa uku, sai kumburi ya saɓe fata ta soma tamoji, kana a yi babban aikin. Wajibi ne a fahimtar da dangi wannan jira na cikin magani. Da yawa sukan zaci an yi watsi da su ne, su ɗauke majiyyaci da dare su koma gida, su yi biyu babu.

5. Ƙarfen zobe. Wani likitan Rasha, Gavriil Ilizarov, ya ƙago shi a garin Kurgan wajen farkon shekarun 1950. A kan soka wayoyi sirara su ratsa ƙashin, a ɗaure su tam a jikin zobban ƙarfe da suka kewaye ƙafar. Yana da amfani inda ƙashi ya ragargaje ko fata ta lalace, don ba ya bukatar babban tsagi. Sai dai yana zama a ƙafa wata uku ko fiye, kuma dole a riƙa tsabtace bakin ko wace waya, in ba haka ba ta yi ruwa.

6. Sauya gwiwa. Ga tsohon da ƙashinsa ya rugurguje har ba abin da sukuru zai kama, ko wanda karayarsa ta haɗe a karkace ciwo ya hana shi sakat, a kan cire fuskar gaɓar a sa ta ƙarfe da roba. Aiki ne mai tsada, kuma gwiwar ba ta kai ta halitta lanƙwasuwa ba. Don haka ba a fara kawo shi ga mai sauran ƙarfi.

Zaɓen hanya na likita ne, bayan ya duba irin karayar, da halin fata, da shekarun mutum, da ko yana da ciwon sukari ko wata cuta. Ba aikin da ba shi da haɗari. Rauni yana iya yin mugunya, jini yana iya daskarewa cikin jijiya, kuma ko an yi aiki mai kyau waɗansu sukan sami ciwon gwiwa bayan shekaru. Likita zai faɗi wannan kafin a sa hannu a takarda. Amma tsoron da a ke yi wai ƙarfen zai yi tsatsa a jiki ba shi da tushe. Da ƙarfe marar tsatsa ko titaniyom a ke yinsa, mutane da yawa suna zaune da nasu har tsufa, ba a kuwa cire shi sai in yana damu, bayan ƙashi ya haɗe sarai.

BAYAN AIKI

Rabin warkewa yana hannun majiyyaci. Ƙashin yana ɗaukar wajen wata uku kafin ya haɗe, kuma yawanci a kan hana taka ƙafar mako 8 zuwa 12, sai da sanduna. Ƙarfen riƙo ne kawai, ba ya ɗaukar nauyin mutum. Wanda ya ji zafi ya ragu ya shiga gona don damina ta kama, sai daɓen ya sake burmawa. Amma lanƙwasa gwiwa a kan soma shi da wuri bisa umurnin ma'aikatan sashen gashi, ko da ya ke da zafi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Taba tana jinkirta haɗewar ƙashi, sai a bar ta. A ci wake da ƙwai da nono da nama gwargwadon hali. In rauni ya yi ja yana fid da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti ran nan.

INDA ZA A NUFA

Farko sai babban asibiti mafi kusa, na Babura ko na Kazaure, domin a tsai da jini, a duba jijiya, a ba da takardar turawa gaba. Aikin kansa na likitan ƙashi ne. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe cikin 1959 zamanin Jihar Arewa, daga baya ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, don irin wannan aka gina shi. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga ko wace gunduma cikin huɗun nan mota ba ta cin rabin yini kafin ta shiga Kano. Abin da ke cin lokaci shi ne shawara a zaure. In an wuce kamar mako uku ƙashi ya soma kamawa a karkace, aikin da da zai yi sauƙi ya koma sai an sake karya shi, wahala da kuɗi su ninka.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMI DA MALAMINSA

Na ɗaya, Hakimi ya sanad da dagatai da masu unguwa cewa duk wanda gwiwarsa ta kumbura bayan haɗari har ya kasa takawa, asibiti za a kai shi ran nan. A tallafe ƙafar da katako ko kara daga cinya zuwa idon sawu, a sa tsumma mai laushi tsakani, a ɗaure sako-sako, a bar yatsu a waje don a riƙa dubawa. Kada a ja ƙafar, kada a murza, kada a yi tsaga ko ƙaho ko sakiya. In akwai rauni a rufe da ƙyalle mai tsabta, ban da toka ko ƙasa ko garin magani. Kada kuma a ba shi fura ko abinci a hanya, don mai yiwuwa ne a shiga da shi tiyata da isarsa.

Na biyu, Hakimi ya tara masu ɗori na ƙasarsa cikin girmamawa, a yi yarjejeniya a kan abu huɗu da za su tura asibiti ba jinkiri: karayar da ta shiga gaɓa, karaya mai rauni, ƙafar da ta yi sanyi ko ta dena ji, da azabar da ke ƙaruwa bayan ɗauri. Mai ɗorin da ya tura irin wannan bai rage komi daga darajarsa ba, ya tsare sunan gidansu ne.

Na uku, malamin Hakimi ya rubuta 'yar takarda ta bi majiyyaci: sunansa da garinsu, da sa'ar da haɗarin ya auku, da yadda ya auku, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, da maganin da aka ba shi, da ko an yi ɗori, da cutar da ya ke fama da ita tun da. Sa'ar haɗari ita ce mafi muhimmanci, gama da ita likita zai san lokacin da ya rage wa ƙafar. Ya kuma buɗe littafi yana shigar da ko wane haɗari da wurin da ya faru, domin in an ga kwana guda ce ke cin mutane a kai maganar ga Ƙaramar Hukuma da Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Na huɗu, a tura majiyyaci tare da babban da ke da ikon sa hannu, da 'yan'uwa biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini. Kuɗin ƙarfe da na aiki suna da nauyi a kan talaka, saboda haka Hakimi ya sa baki dangi da masu hali da masu rabon zakka su taimaka tun da wuri, kuma maƙwabta su yi masa gayya a gonarsa don kada tunanin shuka ya tashe shi tsaye kafin lokaci.

Hakimin da ya tsaya a kan waɗannan ya cika wani sashe na amanar da Sarki ya ɗora masa. Allah ya kiyaye talakawa daga haɗari, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa ƙasa zaman lafiya. Amin.